Darasi na 7: Ajiyar Busasshen Kifi

'Yan uwa mata, kifin bandar da kuke saya a kasuwar Sabon Gari ya sha hanya kafin ya iso Zariya. Wani daga Baga yake, bakin Tafkin Chadi, wani daga Yauri. Abin takaici ne ya iso lafiya, sannan ya yi fumfuna a ɗakinki cikin mako guda. Laima ce ke ɓata shi.

Gwaji

Ɗanyen kifi, kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Wanda zai jure ajiya sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 15. Ba mu da na'urar awo, da hannu za mu gane. Ki ɗauki tarwaɗa ɗaya, ki karya ta wajen da ta fi kauri, kusa da kai. In ta ce ƙas, ta bushe. In ta lanƙwashe, ko kin ji cikin da laushi, da sauran ruwa. In da sauran ruwa, ki baza kifin a faifai a rana, ki ɗora bisa turmi ko benci, ban da ƙasa. Ki rufa masa tsohon gidan sauro saboda ƙuda.

Hucewa

Nan ne mafi yawanku ke tuntuɓe, don haka a natsu. Kifin da aka kwaso daga rana ko daga kan wuta, ba a rufe shi nan take. A kai shi inuwa ya huce. Ki ɗora bayan hannunki a kai. Da ɗumi? Ki jira. In kika ƙulle shi da zafinsa, zai yi gumi, ki ga ɗigon ruwa a jikin leda ta ciki. Wannan ruwan jikin kifin zai koma, shanyar yini ta tashi a banza.

Ku maimaita tare da ni: a shanya, ya huce, sannan a rufe. Madalla, kuna ƙoƙari. A sake. Ya huce tukuna.

Duk da haka sai an sami mai zuwa ta ce, "Malama, wallahi na shanya, amma ya yi fari-fari." Ya huce kafin ki rufe? Sai shiru. Haba baiwar Allah! Gaggawar me? Kuɗinki ne fa, kuma bakin 'ya'yanki zai shiga.

Mazubi

Bokitin roba mai murfi, wankakke, busasshe sarai. A ɗora a sama, nesa da randa da jikin bango. Da hunturu kifi kan yi watanni. Da damina, musamman Agusta, duk mako ki buɗe ki duba. In ya yi laushi, ki sake shanyawa. In ba rana, ki ɗora a ragar waya bisa garwashi maras ƙarfi. Shi ma ya huce.

Kada a kuskura a fesa masa fiya-fiya don ƙwari, guba ce. Wanda fumfuna ta ci cikinsa a zubar.

Jatan lande

Shi kuma a zuba a kwalba mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Kada jiƙaƙƙen hannu ya shiga.

Aikin gida

Kowacce ta zo da kifi ɗaya ranar Asabar, mu karya tare.