Kati biyu ko uku a aljihu: yadda nake tsara wa 'yan kasuwar Nima katunan bashinsu

A Nima da Mamobi, unguwanninmu na Accra a Gana, yawancinmu MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ce bankinmu. Katin da ke aljihun mutane da yawa na cire kuɗi ne, wato abin da ka ajiye shi za ka ɗauka, in ya ƙare shi ke nan. Katin bashi daban yake: banki ne ke biya maka yau, kai kuma ka biya shi nan gaba. Masu riƙe da irinsa a cikinmu ba su da yawa, galibi 'yan kasuwa ne masu zuwa sari Dubai da Gwanzu da Istanbul, sai ma'aikata masu albashi mai ɗan kauri, sai iyayen da ke biyan kuɗin makarantar yara a waje. Amma na lura wanda ya samu ɗaya ba ya daɗewa sai ya ƙara na biyu, domin da zarar banki ya ga kana biya, wani bankin ma zai kira ka.

Aikina riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, don haka takardun katunan nan kan teburina suke ƙarewa. Abin da nake faɗa wa kowa bai wuce magana ɗaya ba: kowane kati a ba shi aikinsa shi kaɗai, kuma a biya duk abin da aka ci a kansa kafin ranar biya ta wuce. Sauran bayanin duk hanyoyin cika wannan ne.

Fara da takarda da biro. Ga kowane kati, rubuta iyakar kuɗin da banki ya ba ka, kuɗin ruwan da yake cajin ka, kuɗin riƙe kati na shekara, da ranaku biyu: ranar da ake rufe lissafin wata da ranar ƙarshe ta biya. In ba ka san kuɗin ruwan ba, je reshen bankin ka nemi a rubuta maka. Ba alfarma kake roƙo ba, dokar masu ba da bashi da masu karɓa ta 2020 ta wajabta a bayyana maka sharuɗɗa kafin ka sa hannu. Ka nemi adadin shekara, kada a tsaya maka a na wata. Kashi huɗu a wata yana da daɗin ji a kunne, amma in ka bar shi ya hau kansa har shekara, ya kai kashi 60 cikin ɗari.

Ranakun nan biyu su ne inda mutane suka fi ruɗewa, don haka bari in tsaya a kansu. A ce katinka ana rufe lissafinsa ranar 5 ga wata, ranar biya kuma 25. In ka yi sayayya ranar 4, gobe za ta shiga takarda, kwana ashirin da ɗaya ke gare ka. In ka haƙura zuwa ranar 6, sayayyar ta faɗa lissafin wata mai zuwa, kana da kusan kwana hamsin kafin a nemi kuɗin, ba tare da an ɗora maka ko fesuwa ɗaya ba. Ga mai sari, wannan tazarar ita ce amfanin katin gaba ɗaya: kaya su sauka, a sayar da rabi, a biya banki da kuɗin kayan. Mai kati biyu da ranakunsu suka bambanta yana iya duba wanda aka rufe lissafinsa kwanan nan ya yi babbar sayayya da shi. Sai dai wannan sassaucin yana aiki ne kawai in ka biya takardar da ta gabata gaba ɗaya. Ka bar ragowa, yawancin katuna za su fara lissafa maka kuɗin ruwa a kan sabuwar sayayya tun ranar da ka yi ta. Kuma kayan da ke zuwa ta ruwa zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema ba sa sanin ranar biyanka. In jirgin ruwa ne zai kawo, kada ka dogara da kwana hamsin ɗin nan, ka ware kuɗin biyan tun kafin ka tashi.

Sai rabon aiki. Ga ɗan kasuwa, nakan ce kati ɗaya na kasuwa ne zalla: tikitin jirgi, otal, kuɗin kaya. Ɗaya na gida: cefanen babban kanti, man mota, kuɗin asibiti. In akwai na uku, mai ƙaramar iyaka, shi za a bari wa intanet, duk wani abin da ake cirewa wata-wata da duk shafin da ba ka gama yarda da shi ba, domin in ɓarayi suka samu lambarsa, ɓarnar ba za ta wuce iyakarsa ba. Fiye da uku kuwa ban taɓa ganin wanda ya amfana da shi ba. Dalilin wannan rabo ba tsafta ce kawai ba. Ranar da kuɗin sunan jariri da kuɗin dilar abaya suka haɗu a takarda ɗaya, babu akantan da zai iya gaya maka ko kasuwar na ci ko tana cin ka.

Akwai wata Hajiya mai sayar da mayafai da turare da nake riƙe wa littafi. Ta kawo mini takardar katinta, ta nuna wani ƙaramin adadi a sama ta ce, "Malam, ai banki da kansa ya ce ɗari biyar kawai zan biya." Na ce, "Hajiya, wannan shi ne abin da zai hana su ci ki tara, ba shi ne bashin ba." Na ɗauki biro muka yi lissafi tare, da misali mai sauƙi. Bashin sidi 10,000, kuɗin ruwa kashi huɗu a wata, sidi 400 ke nan. Kin biya 500, ɗari ɗaya kacal ta taɓa uwar kuɗin. Ki yi ta biyan 500 har wata goma sha biyu ba tare da kin ƙara sayen komai ba, kin fitar da sidi 6,000, kuma har yanzu ana bin ki kusan 8,500. Ta yi shiru, sannan ta ce a duba mata nawa ke asusun shago. A ranar ta biya rabi.

Mun saba da susu, inda kake zubawa kullum sannan ka kwashi naka a ƙarshen wata. Kati susu ne da aka juya: ka kwasa tukuna, zubin na biyo baya, kuma mai karɓar ba ya jin "ka dawo gobe". Saboda haka nake sa mutanena su riƙa yin zubin da kansu. Duk ranar da ka goga kati, a ranar ka tura daidai wannan kuɗin zuwa wani asusu na daban da ba ka taɓawa. In ranar biya ta zo, kuɗin na nan zaune. Wanda ya ga ba shi da abin turawa a ranar, to ya san sayayyar ta fi ƙarfinsa, in dai ba kayan sari ba ne da zai sayar.

Mantuwa kuma maganinta umarni ne a banki: su riƙa cire kuɗin kai tsaye daga asusunka. In za ka iya, ka ce a cire duka. In kuɗin shigarka ba shi da tabbas, ka ce a cire mafi ƙarancin don gudun tara, sauran ka biya da hannunka kwana uku ko huɗu kafin ranar. Kada ka jira ranar ƙarshe, musamman in daga wani banki ko daga MoMo kake turawa, domin netwok ba ya neman izininka kafin ya ɗauke, kuma ranar na iya faɗawa Asabar ko hutun Sallah. Wasu bankuna na yarda su matsar maka da ranar biya. Mai albashi ya nemi a sa ta 'yan kwanaki bayan albashi ya shigo.

Abu biyu ne nake hana kowa. Na farko, cire tsabar kuɗi a ATM da katin bashi: akwai caji nan take, kuma kuɗin ruwa na farawa daga ranar, babu kwanakin sassauci. Na biyu, ciro daga wannan kati a biya wancan, ko a ci bashin waya a toshe ramin kati. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Masu tafiya waje suna da nasu ƙarin. Sayayya da dala ko dirhami, banki ne zai canza ta zuwa sidi da farashinsa, ya kuma ɗora kason cinikin waje. Duk wanda ya yi kasuwa a 2022 ya san abin da hakan ke nufi. A farkon shekarar dala tana wajen sidi shida, a watan Nuwamba ta haura goma sha biyu, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba, kuma a 2023 Babban Bankin Gana ya kai kuɗin ruwansa kashi 30. In katinka na dala ne alhali cinikinka da sidi kake yi, kowane jinkiri caca ce da canji. Sannan in na'urar biya a Dubai ta tambaye ka ko a caje ka da dirhami ko da wani kuɗin, zaɓi dirhami. Canjin da na'urar ke yi maka da kanta kusan kullum ya fi na Visa ko Mastercard tsada. Ka kuma sanar da bankinka kafin ka tashi, kada su ga ciniki daga kasuwar Deira ta Dubai su rufe katin suna zaton sata ce. A nan ne kati na biyu ke da rana, in dai ba a jaka ɗaya ka ajiye su ba.

Ba zan tsallake maganar addini ba, domin ita ce tambayar farko da ake yi mini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudura biya cikin kwanakin sassauci, ta kuma hana sayen zinariya da azurfa da irin wannan katin. Masu sarin gwal su riƙe wannan. Akwai malaman da suka sassauta wa mai buƙata matuƙar ya tabbata ba zai bari kuɗin ruwa ya hau ba. Ni ba malami ba ne, ka kai wa malaminka takardar sharuɗɗan ya duba. Abin da na sani shi ne babu ɓangaren da ya yarda da barin bashi ya kwana yana haihuwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, katin cire kuɗi ko katin da ake loda wa kuɗi tukuna yana yin yawancin aikin.

To, in an riga an nutse fa? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin ɓoyewa ba ne. Cire katunan daga aljihu, goge lambobinsu daga waya. Biya mafi ƙaranci a kan kowanne, duk abin da ya rage ka zuba a kan wanda kuɗin ruwansa ya fi yawa, in ya mutu ka koma na biye. Wasu sun fi son fara kashe ƙaramin bashi don su samu ƙarfin gwiwa. Ba na faɗa da su, amma lissafi na tare da hanyar farko. Ka kuma je bankin da ƙafarka kafin su fara kiran ka, ka nemi a mayar da bashin na biya kaɗan-kaɗan da adadi tsayayye. Tun dokar 2007 ta bayar da rahoton bashi, bankuna na aika sunayen masu bashi ga kamfanonin da ke tara wannan bayani, irin su XDS Data, kuma tun Yulin 2022 duk harkar banki da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ake yin ta. Jinkirin da ka yi a banki ɗaya, ɗayan zai gani ranar da ka je neman jarin shago.

Takardar wata kuwa a karanta ta layi-layi, ko da ta kati uku ce. A nan ake kama cajin da aka yi sau biyu, da manhajar da yaro ya yi rajista da ita aka manta. Kunna saƙon waya ga kowane kati. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, yana neman lambar sirri ko lambobi ukun bayan kati ko lambar da aka turo maka yanzu, kashe wayar, irin mutanen da ke damfarar MoMo ne. Kira bankin a rufe katin, sannan ka kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta lamba 292.

Wanda ya fi wuya shi ne na cikin gida. Ƙane zai zo ya ce, "Yaya, ara mini katinka in sayi abu ɗaya a intanet, zan turo maka ta MoMo." Ba na cewa a hana shi. Ya turo kuɗin tukuna, ka yi masa sayayyar da hannunka a wayarka, da katin nan mai ƙaramar iyaka. Lambar kati in ta shiga wayar wani, tana nan a ajiye, kuma sunanka ne a takardar.

Katin da ya shekara ba ka taɓa shi ba amma ana cire maka kuɗin riƙewa, rufe shi. Biya ragowar har fesuwar ƙarshe, mayar da duk cajin wata-wata zuwa wani katin, rubuta wa banki takardar rufewa, ka karɓi shaida a rubuce cewa ba a bin ka komai. Bayan wata ɗaya ka koma ka duba, domin wani lokaci kuɗin ruwan kwanakin ƙarshe na fitowa daga baya, ya zauna shiru yana tara tara. Sai ka ga sifili da idonka sannan ka sa almakashi ka yanke katin ta kan ɗan ƙarfen nan.