Yadda ake haɗa robobin da ba sa gaurayuwa

Mai narka tsohuwar roba a Gusau, idan ya zuba gorar ruwa da jarka cikin inji ɗaya, bokitin da zai fito yakan tsage da wuri, domin robar gorar, wato PET mai lamba 1, da robar jarkar, wato HDPE mai lamba 2 (lambobin da ake bugawa a jikin kayan roba), ba sa gaurayuwa. Ɗaya yakan warwatsu cikin ɗayan a matsayin ɗigo-ɗigo, mahaɗarsu kuma ba ta da ƙarfi.

A fara tsince PVC mai lamba 3 (irin robar da ake yin bututun ruwa da ita) gaba ɗaya, saboda yana fitar da hayaƙin asid idan ya ji zafi. A niƙa sauran, a wanke, sannan a busar da PET sosai, domin danshi yana raunana shi yayin da yake narkewa a wajen digiri 250 na ma'aunin Celsius. 

Daga nan a zuba sinadarin haɗi, wato PE (robar da HDPE nau'inta ne) da aka liƙa wa wani sinadari mai suna maleic anhydride, kimanin kashi 5 cikin 100, wanda yake riƙe ɓangarorin biyu, ya kuma ƙanƙanta ɗigon. Idan HDPE da PP (roba mai lamba 5) ake haɗawa, EPDM, wata roba mai talewa, ta fi dacewa a matsayin sinadarin haɗi.

A lanƙwasa samfuri bayan ya huce. Idan ya ɓare kamar ɓawon albasa, haɗin bai kama ba.