Kurakuran da baƙi suka fi yi wajen yawo da sayayya a Tokyo

Asarar da ta fi ciwo a Tokyo ta kayan lantarki ce. Baƙo ya shiga Akihabara, unguwar shagunan kayan lantarki, ya ga tukunyar dafa shinkafa ko na'urar busar da gashi, ya biya, ya kai gida Kano ko Maraɗi, yana jonawa ta ƙone. Dalili kuwa, wutar Japan volt 100 ce, tamu kuwa 220 ce ko fiye. Kafin ka biya, juya na'urar ka karanta tambarin da ke jikinta. In an rubuta 100-240V, babu matsala, sai dai ka sauya kan filogi. In 100V kaɗai ne, nemi sashen kayan da aka ƙera don ƙasashen waje; manyan shaguna irin su Yodobashi da Bic Camera suna da shi.

Sai maganar haraji. Ana ɗora kashi 10 cikin ɗari a kan yawancin kaya, kuma ana yafe wa baƙo idan sayayyarsa a shago ɗaya, a rana ɗaya, ta kai yen 5,000 kafin haraji. Amma sai da fasfo na ainihi, hotonsa a waya ba ya aiki. Da yawa suna barinsa a otal don tsoron ya ɓata, alhali dokar ƙasar ma ta wajabta wa baƙo yawo da shi. Daga Nuwamba 2026 tsarin shi ne a biya kuɗin cif a shago, a karɓi harajin bayan kwastam sun tantance kayan lokacin fita, don haka kada ka rabar da tsarabar kafin ka bar ƙasar.

Ba a taya kaya a yawancin shaguna, kuma ba a ba wa ma'aikacin gidan abinci tukuici.

Wajen yawo, babban kuskure shi ne zaɓar wurare biyar a kusurwoyin birni daban-daban a yini guda, rabin ranar ya ƙare a cikin jirgin ƙasa. Haɗa na kusa da juna: haikalin Senso-ji a Asakusa da safe, kafin titin Nakamise da ke kaiwa haikalin ya cika, sannan hasumiyar Skytree mai tsayin mita 634 da ke tsallaken kogin Sumida. Kada ka ware Litinin don unguwar Ueno, yawancin gidajen tarihin wurin a rufe suke ranar. Masu zuwa Tsukiji kallon gwanjon kifi kuma sun makara: tun Oktoban 2018 kasuwar sari ta koma Toyosu, rumfunan waje ne suka rage.

Wanda ba zai fita daga Tokyo ba, tikitin JR Pass, na hawa jiragen ƙasa na kamfanin JR a faɗin Japan, asara ce gare shi, domin ba ya aiki a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo Metro. Katin Suica ko Pasmo, wanda ake zuba wa kuɗi a riƙa biyan kuɗin jirgi da shi, ya wadatar. Jirage suna tsayawa jim kaɗan bayan sha biyun dare.

Abinci yana buƙatar lura sosai. Rashin ganin nama a kwano ba shaidar halal ba ne, domin romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma ana zuba mirin, wani ruwan shinkafa mai barasa, a miya da yawa. Nemi shagunan halal na unguwar Shin-Okubo, ko kantin da ke harabar masallacin Tokyo Camii, 'yar tafiya kaɗan daga tashar Yoyogi-Uehara, inda za ka samu jam'in sallar Juma'a.