Yadda na gyara sabulun da ke cin hannu

Sabulun da na fara haɗawa a ƙauyenmu, gefen Ringim, ya daskare da kyau, amma da an yi wanki sai tafin hannu ya yi jawur, yana raɗaɗi. Ashe awon sodar da aka ba ni na man alayyadi ne, ni kuwa man gyaɗa na zuba. Kilo 1 na alayyadi kan ci soda kusan giram 175, man gyaɗa kusan 137; rarar ce ke cin fata.

Sai na gurza sandunan, na yayyafa ruwa, na narkar a wuta kaɗan-kaɗan. Ban da tukunyar dalma, soda cinta take. Na ƙara man gyaɗa giram 300 kan kowane kilon man da na zuba da farko, na tuƙa, na juye a mazubi, ya sha iska sati 4. Har jarirai ake wa wanki da shi yanzu.