Yadda ake shirya taron karrama macen da ta ƙarar da rayuwarta a hidimar jama'a da siyasa

A yi shi tana raye. Sau da yawa sai an rasa irin waɗannan mata ake tunawa da su, a sa wa wani gini sunansu, alhali su ba su ji ko kalma ɗaya ta godiya ba. In tana da rai da lafiya, a fara da neman izininta. Wata za ta ce ba ta son hayaniya. Sai a bar maganar taro, a tsaya ga rubuta tarihinta.

Kwamitin shiri kada ya wuce mutum biyar zuwa bakwai: ɗaya daga danginta, ɗaya daga matan da suka yi gwagwarmaya tare da ita, ma'aji, da wanda ya iya rubutu. Wata biyu sun isa a kammala shirin. Wajen sa rana a kauce wa lokacin yaƙin neman zaɓe, domin 'yan takara za su mai da wurin dandalin kamfe, a tashi ba a yi maganarta ba. In ana son ranar da ta dace da batun, akwai 8 ga Maris, Ranar Mata ta Duniya.

Babban aikin shi ne tattara tarihi, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A zauna da ita sau uku, kowane zama kamar minti 45, don tsofaffi kan gaji, in sun gaji kuma sai su fara haɗa shekaru. Wayar hannu ta isa wajen ɗaukar murya, amma a kashe fanka da talabijin, a ajiye wayar kusa da bakinta, a gwada minti ɗaya a saurara kafin a ci gaba. Kada a ce mata "Mama, ba mu tarihinki", za ta ba da shi a dunƙule. A tambaye ta abu ɗaya ɗaya: "Mama, ranar da kika fara tsayawa gaban jama'a, wa ya kai ki? Me aka ce miki a gida da kika dawo?" Irin wannan tambaya ce ke fito da sunaye da wurare. A roƙe ta ta buɗe akwatinta: tsohon katin jam'iyya, takardun shaida, wasiƙu, hotuna. A kwafe su a na'urar sikana a kan dpi 300 (dpi shi ne ma'aunin kyan fitar hoto), ƙananan hotuna kuwa 600, a mayar mata da kayanta a ranar. A rubuta sunayen waɗanda ke cikin kowane hoto tun tana iya gane su.

Duk shekara ko muƙamin da ta ambata, a tabbatar da shi daga wani mutum na biyu ko daga takarda. A yi hattara da kalmar "mace ta farko". In ba a tabbatar ba, a cire, don wani dattijo zai miƙe a tsakiyar taro ya gyara, kunyar kuma a kanta za ta faɗa.

Takardar yabon da za a karanta kada ta wuce kalma 300, wato kamar minti uku. A cika ta da aiki: rijiya nawa, yara nawa ta mayar makaranta, wace shekara ta tsaya takara, ko da ba ta ci ba. Faɗuwa zaɓe ma tarihi ne, bai kamata a ɓoye shi ba. Masu jawabi uku sun wadatar, kowa minti biyar, kuma a cikinsu a sa wanda ya amfana da ita kai tsaye. In za a samu wanda suka yi hamayya da ita a siyasa ya yarda ya yi magana, shaidarsa ta fi ta magoya baya goma nauyi.

Ranar taro a zaɓi wurin da ba sai ta hau bene ba, a ba ta kujera mai hannu, a kai mata makirufo inda take zaune. A ba ta dama ta yi magana da wuri, kafin manyan baƙi su cinye lokacin. Allon karramawa kuwa, mutum biyu su duba rubutun sunanta da shekarun kafin a sassaƙa, domin bayan nan ba ya gyaruwa sai dai a sake wani.

Cikin mako guda ma'aji ya fitar da lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a rubuce. Muryar da hotunan a yi musu kwafi uku: ɗaya gare ta, ɗaya ga ƙungiyarta, ɗaya ga ɗakin karatu mafi kusa, tare da takardar da ta sa wa hannu cewa ta amince a ajiye su.