Kafin Ka Yarda a Dasa Maka Haƙori

Duk wanda ya zo neman dashen haƙori, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai zafi. Ni da na daɗe ina aiki a gefen kujerar likitan haƙori, ina miƙa kayan aiki ina ɗaukar hoto, na fi son ya fara da tambayar ko ƙashin muƙamuƙinsa zai ɗauka. Nan ne maganar take.

Da zarar an cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da saiwarsa ya rasa aikin yi, sai ya fara zaizayewa, kuma ya fi saurin yin haka a watannin farko. Haƙoran gefe su karkato wajen giɓin, wanda ke fuskantarsa ya riƙa zazzagowa tunda ba abin da ke tokare shi. Na sha ganin hoton mutumin da ya bar wawulo shekara da shekaru, ƙashin wurin ya zama siriri kamar bakin wuƙa, babu inda ƙarfe zai zauna. Don haka tun ranar da za a cire maka haƙori, tambayi likita me za a sa a gurbinsa, kuma yaushe.

Dashe ba shi kaɗai ne mafita ba. Akwai haƙorin roba da ake cirewa a wanke. Akwai gada, wato haƙorin da ake ƙerawa a rataya shi jikin haƙoran da ke gefen giɓin, wadda sai an goge haƙoran gefe biyu an rage su kafin a ɗora ta. Idan haƙoran nan lafiyarsu ƙalau, ni ina jin ciwon a taɓa su, shi ya sa nake karkata ga dashe in hali ya yi.

Abin da ake dasawa ɗan ƙarfe ne mai murɗi, galibi na titaniyam. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a gwajin da yake yi da zomaye cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe har ba ya ciruwa, a 1965 kuma ya dasa wa mutum na farko. Wannan mannewar ita ce kan aikin, kuma ba ta son gaggawa.

A zuwanka na farko, faɗi komai. Ciwon suga, hawan jini, maganin tsinka jini, magungunan ƙarfafa ƙashi, ko an taɓa gasa maka wuya ko muƙamuƙi saboda ciwon daji. Kada ka ɓoye shan taba, don Allah, domin tana hana wurin warkewa, kuma dashen masu shan ta ya fi saurin lalacewa. Suga ba ya hana dashe muddin an shawo kansa. Ciwon dasashi kuwa dole a warkar da shi tukuna. Matashin da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, sai ya jira.

Nemi a ɗauki hoton da ke nuna kaurin ƙashi da tsawonsa. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da in aka taɓa ta leɓe zai iya yin sanyi ya daina ji, a sama kuma akwai kogon iska kusa da turame. In ƙashi ya yi kaɗan, ana yi masa ciko a jira ya kama.

Ranar aikin kanta ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Allurar kashe zafi ce, a buɗe dasashi, a huda ƙashi a hankali ana zuba ruwa don kada ya yi zafi, a murɗa ƙarfen, a ɗinke. Za ka ji dannawa da ƙarar na'ura. Kumburi yakan yi kwana biyu ko uku. Ranar farko kada ka kuskure baki da ƙarfi, kada ka riƙa kai harshe wurin. Washegari ka fara da ruwan gishiri mai ɗumi, ka ci abinci mai laushi ta ɗaya gefen.

Sai haƙuri. Yawanci wata 3 zuwa 6 ake jira, muƙamuƙin sama ya fi jan lokaci. Bayan nan a ɗauki awon bakin, a kara jerin launukan haƙora kusa da naka a zaɓi wanda ya dace, a ƙera hular tangaran, wato sabon haƙorin da za a riƙa gani, a ɗora a kan ƙarfen. Kafin ka tashi daga kujera, ciza sosai. In ka ji sabon haƙorin yana riga sauran taɓawa, faɗa a gyara nan take.

Inda mutane suka fi sakaci shi ne bayan an gama. Haƙorin dashe ba ya ruɓewa, gaskiya ne, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa, ciwon ya gangara ya ci ƙashi, sau da yawa ba tare da wani zafi ba. Goge baki sau biyu a rana, ka sayi ɗan siririn burushin nan da ke shiga tsakanin haƙora, ka bi gindin hular da shi kowane dare. Mai cizon haƙora cikin barci ya nemi robar da ake sawa da dare. Ka riƙa komawa ana duba wurin ko da ba ka jin komai, in kuwa ka ga jini wajen goge baki, ko ɗoyi, ko haƙorin yana motsi, kada ka jira ranar da aka ba ka.