Makarɓin kotisol: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, daga Samaru har Shika, ba sa rasa cin karo da tambaya kan makarɓin kotisol, homon ɗin tashin hankali, wato furotin da ke kama wannan sinadarin saƙo a jiki. Kuskuren da ya fi cinye maki shi ne zana makarɓin kotisol manne a fatar ƙwayar halitta. Wannan mazaunin na makarɓan homon ɗin adirenalin ne, kamar nau'in beta-2: furotin mai amino asid 413 da ke ratsa fatar sau bakwai, wanda aka fitar da siffarsa a 2007. Bincike kan dangin wannan furotin ne ya sa Robert Lefkowitz da Brian Kobilka suka samu kyautar Nobel a 2012.

Kotisol kuwa daga kolestarol jiki ke sarrafa shi, yana narkewa a maiƙo, don haka yakan ratsa fatar ya shige abinsa. Makarɓinsa yana can ciki, furotin Hsp90 na riƙe da shi, sai homon ya iso sannan ya wuce cibiyar ƙwayar halittar ya hau kan DNA. Shi ya sa adirenalin ke sa gaba ya faɗi nan take, yawancin aikin kotisol kuwa sai an ɗauki sa'o'i. Wanda ya riƙe wannan bambancin lokaci ba zai sake rikita zanen ba.

Sai masu haɗe wurin kama homon da wurin kama DNA. Gyaran yana da sauƙi. Ka ja dogon layi a matsayin makarɓin kotisol, amino asid 777, ka raba shi. Kashin farko ba shi da tsayayyar siffa sai ya haɗu da wasu furotin, kada ka wahalar da kanka wajen ƙawata shi. Na tsakiya shi ke da yatsun zinki biyu, kowane zinki sistin (wani amino asid) huɗu ke riƙe da shi, kuma nan ne ake kama DNA. Bayan ɗan gajeren mahaɗi sai kashin ƙarshe mai aljihun da kotisol ke shiga, murɗe na 12 cikin murɗe-murɗen sarƙar furotin ɗin ya rufe a kansa kamar murfin tukunya. A 2002 aka ga siffar wannan aljihu ɗauke da deksametason, maganin da ke kwaikwayon kotisol.

Wasu na mantawa da nau'in beta na makarɓin kotisol, mai amino asid 742. Wutsiyarsa daban ce, ba ya kama kotisol.

Akwai kuma masu rubuta cewa kotisol makarɓi ɗaya gare shi. Ina! Makarɓin aldosteron, homon da ke sa ƙoda riƙe gishiri, ma na kama shi, har fiye da nasa ƙarfi. Abin da ke kare ƙoda shi ne enzayim 11β-HSD2, mai mayar da kotisol kotison, wanda ba ya aiki sai hanta ta maido shi. Idan kotisol ya yi wa enzayim ɗin yawa, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, hawan jini ya biyo baya. Da wannan za ka amsa tambayar hawan jini a ciwon Cushing, na yawan kotisol a jiki.